Ragunan lakar ɗalibaina da kwaɗin Moustapha Alassane

Wata Laraba da marece na tara yara goma sha huɗu na ajin ƙarshe na lakwal ɗin da nake koyarwa a nan jihar Tawa, na ce kowa ya faɗi abin da ya yi masa daɗi da abin da ya ba shi wuya a cikin aikin da muka gama. Aikin kuwa wani ɗan fim ne na minti ɗaya da sakan ashirin. Raguna biyu na laka suna faɗa a kan damin harawa, akuya ta zagayo ta baya ta cinye. Mako bakwai muka yi muna ɗaukarsa da salulata. Yadda ake yi shi ne a aje rago, a ɗauki hoto, a gusa ƙafarsa kamar faɗin ƙwayar gero, a sake ɗaukar hoto, haka haka har a tara ɗaruruwa. In aka jera hotunan aka sake su da sauri, sai ido ya ga rago yana tafiya. Yaran ne suka laƙaba wa abin suna "gusa-ka-ɗauka", ni ma da shi nake kiransa yanzu don ban sami wanda ya fi shi ba.

Wanda ya fara magana shi ne yaron da ya riƙe mana lissafi. Ya ce shi abin da ya tsorata shi yawan hoto ne. Mun yanke hoto goma a kowane sakan, ke nan sakan 80 ya ci hoto 800, ban da kusan ɗari biyu da muka zubar. Wata yarinya ta ce ita rana ce ta ci amanarta. Mun soma ɗauka a gindin bedi da ƙarfe uku, muka tashi ƙarfe biyar, da muka kalli abin sai ga inuwar raguna tana tsalle daga nan zuwa can, hasken yana ƙiftawa. Mu ba mu ga tafiyar rana ba, amma salula ta gani. Dole muka koma cikin aji muka toshe taga da kwali, muka kunna tocila biyu. Mai gina ragunan ya yi ƙorafin laka: kafin a kai hoto na hamsin ta bushe, ƙaho ya tsage, ƙafa ta karye. Sai da kakarsa ta ce ya cuɗa ta da kashin jaki da ɗan ƙaiƙayi kamar yadda ake yi wa ginin rumbu, shi kuma ya ƙara da sa waya a cikin ƙafafun. Akwai kuma ranar da wani ya yi tuntuɓe da tebur, aikin yini biyu ya tafi. Har yanzu ba su yafe masa duka ba.

Da aka zo ga abin da ya yi daɗi, kusan bakinsu ɗaya: lokacin da ragon ya ɗaga kai karo na farko. Na tuna ajin ya yi tsit, sannan aka fashe da ihu har darakta ya leƙo. Daga nan ne ƙaramar cikinsu ta yi tambayar da ta sa na zauna rubuta wannan. Ta ce, "Mushe, mu ne na farko da muka yi wannan a Nijar?"

Na ji kunya, domin a garin Tawa, tafiyar da ba ta kai yini ba daga inda muke zaune, mutumin da duniya ke lissafawa cikin iyayen wannan sana'a a Afirka ya yi shekarunsa na ƙarshe. Ni kaina sai da na wuce shekara talatin na san aikinsa. A makarantar horon malamai mun haddace sunayen marubutan Faransa har da ranakun mutuwarsu, ba wanda ya taɓa ambata mana Moustapha Alassane.

Kafin in zo gare shi, bari in ɗan koma baya, don wahalar da yarana suka sha tsohuwa ce. Silima ba ta ɗauke da motsi, hotuna ne tsayayyu ake wucewa da su gaban ido, 24 a kowane sakan tun da aka fara fim mai magana. Masu wayo na farko sun gane cewa in haka ne, ba sai abu yana da rai zai yi motsi ba. Wajen 1910 wani mai suna Ladislas Starewitch, yana aiki a gidan tarihi na Kaunas a ƙasar Lituwaniya ta yau, ya so ya ɗauki faɗan wasu manyan buzuzu masu ƙaho. Da zarar an kunna fitilu masu zafi sai ƙwarin su daina faɗa. Sai ya ɗauki matattunsu, ya sa musu ƙafafun waya, ya riƙa gusa su da hannu yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. A 1912 ya fito da fim cikakke wanda ƙwari ne ƴan wasansa. Da na ba yaran wannan labari, mai gina raguna ya yi murmushi, don shi ma waya ce ta cece shi. A Jamus kuma wata mata, Lotte Reiniger, ta shafe shekara uku tana yanka kwali da almakashi tana haska shi ta ƙasa, har ta kammala dogon fim a 1926 da ta ɗauko labarinsa daga Dare Dubu da Ɗaya. Gwaggon birin nan King Kong na 1933, wanda ya hau dogon bene a Amurka, ƴar tsana ce, aka yi ta gusa ta.

An haifi Moustapha Alassane a 1942 a N'Dounga, wani gari na bakin kogin Isa kusa da Yamai. Tun yana yaro yake zane, kuma yana tara mutanen gari da dare ya nuna musu wasan inuwa da fitila da abubuwan da ya yanka da hannunsa. Ya koyi kanikanci, kuma ina ganin wannan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, don an san shi da harhaɗa kayan aikinsa da kansa. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai binciken al'adu da ɗaukar fim, wanda hannunsa ya taɓa kusan duk masu silima na farko a ƙasar nan. Ta wannan hanya ya tafi Kanada, hukumar fina-finai ta ƙasar da ke Montreal, inda ya ga aikin Norman McLaren. Shi McLaren mutum ne da yakan yi zane kai tsaye a jikin faifan fim ba tare da kamara ba, kuma a 1952 ya yi wani fim na maƙwabta biyu masu faɗa a kan fure ɗaya, inda ya gusa mutane masu rai kamar ƴan tsana, fim ɗin ya ci kyautar Oscar.

A 1962, shekara biyu kacal bayan samun ƴancin kai, Alassane ya fito da Aouré, gajeren fim a kan aure a wani ƙauyen Zabarmawa. A 1965 sai La Mort de Gandji, zane mai motsi na masarautar kwaɗi, wanda ya sami kyauta a babban bikin fasahar baƙar fata da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekarar ta 1966 ya yi Bon voyage Sim, wanda a ganina shi ne mafi ƙarfin hali cikin ayyukansa. Minti biyar ne, baƙi da fari. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, an gayyace shi ziyara wata ƙasa, sai ga jirgin sama, ga faretin soja, ga jawabai, ga karramawa, duk kwaɗi ne ke yi. Mai karatu ya tuna wane zamani ne: jam'iyya ɗaya ke mulki a nan, shugabannin sababbin ƙasashenmu kuma ba abin da suka fi so kamar kai wa juna ziyara da jerin gwanon motoci. Wanda ya faɗi haka da baki a lokacin yana iya kwana inda bai so ba. Alassane ya sa kwaɗo ya faɗa. Wannan dabarar kakanninmu ce ta gatana, inda ake ɗora wa Gizo da kura abin da ba a iya faɗa wa sarki ido da ido, shi dai ya sauya mata tufafi.

Bai tsaya ga zane ba. Duk a 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi gari. A nan Zalika Souley ta fara fitowa. A 1972 ya yi dogon fim mai suna F.V.V.A., wato mata, gidan bene, mota da kuɗi, yana zambo ga sababbin ma'aikata masu burin tara waɗannan huɗu ko ta halin ƙaƙa. Shekarar ce kuma Oumarou Ganda ya ciyo wa Nijar babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, karo na farko da aka bayar da ita. A wancan lokacin in ana zancen silimar Afirka ba a tsallake sunan ƙasarmu. Yadda muka sauko daga can zance ne na wata rana.

Abin da ya fi kusa da aikin ɗalibaina shi ne fina-finansa na ƴan tsana. A 1977 ya fito da Samba le Grand, mai launi, labarin jarumin da ya yi ta cika sharuɗɗan wata gimbiya don ya same ta. Daga baya ya yi Kokoa, wanda sunansa kaɗai ya isa ya gaya wa Bahaushe inda aka dosa. Filin kokowa ne sosai, da makaɗa da ƴan kallo da mai ba da labari, amma ƴan kokowar kwaɗi ne da hawainiya da tsuntsaye. Duk wanda ya taɓa zama a fili lokacin gasar takobi, wadda aka fara a 1975 a nan Tawa, zai gane kirari da tsuma da yadda ɗan kokowa ke zagaya abokin karawarsa kafin ya kama. Ka tuna kowace ɗaga ƙafa a wannan fim hannun mutum ne ya gusa ta sau da yawa. Kokowa kuwa ta fi tafiyar rago wuya nesa ba kusa ba, don jiki biyu ne ke manne da juna, kuma dole su tsaya a karkace ba su faɗi ba har a gama ɗaukar hoton.

Ya yi shekaru yana jagorancin sashen silima a jami'ar Yamai, sannan ya tare a Tawa, inda ya mayar da wani ɓangare na masaukin baƙinsa wurin aiki, yana koya wa matasa, har ya koma yin zane da kwamfuta da tsufansa. Faransa ta ba shi lambar girma a Cannes a 2007. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. Shekara biyu bayan haka babban gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya shirya nunin fina-finansa. Ƴan Amurka sun sayi tikiti sun kalli kwaɗinsa, yaran da ke wasa a titin da ya bi shekara da shekaru ba su taɓa ganinsu ba.

Ba na ɗora laifin a kan yaran, kuma ba na son in mai da shi kukan rashin kuɗi, don Alassane bai jira kuɗi ba. Abin da ke damuna shi ne kayan sana'ar suna hannun ɗiyanmu tun fil azal. Wane yaron ƙauye ne bai gina sa da raƙumi na laka a bakin tabki ba? Wa bai ƙera motar kara ko ta waya ba? Wace yarinya ce ba ta yi wa ƴar tsanar kara kitso da zane ba? Abin da ya rage kamara ce, ita kuma yau tana aljihun kowane malami. A zamanin Alassane faifan fim tsada gare shi, kuma sai an aika da shi waje an wanke kafin mutum ya san ko aikinsa ya yi ko ya lalace. Mu nan take muke gani mu goge. Duk da haka abin da yaranmu ke kallo a salular iyayensu zanen Japan ne da na Amurka, suna ɗauka irin wannan abu sai can ake iya yinsa.

Ba kowa ya yi murna da aikinmu ba. Wani uba ya same ni a ƙofar lakwal ya ce, "Malam, jarrabawa ta matso kai kuma ka sa mini yaro wasan laka?" Ban yi masa musu ba, yana da gaskiyarsa, kuma aikin ya ci lokaci fiye da yadda na zata. Na dai kira yaron na ce ya gaya wa babansa hoto nawa ake bukata don fim na minti uku in ana ɗaukar goma sha biyu a sakan. Ya ɗan rufe ido ya ce 2160. Wannan yaron a farkon shekara in ka ce masa ya ninka goma sha biyu sau shida sai ya nemi tsakuwa. Uban ya kaɗa kai ya tafi, bai ce ya yarda ba, bai kuma hana shi zuwa ba.

Larabar da ta biyo na sauko da Kokoa daga intanet, na jingina salula a jikin akwatin alli, su goma sha huɗu suka yi cincirindo a kanta. Ba irin kallon da suke yi wa sauran fina-finai suka yi masa ba. Mai gina raguna sai cewa yake in tsayar, yana son ya ga da mi aka yi gwiwar kwaɗon. Yarinyar da rana ta ci amanarta tana bin inuwa da ido, ta ce wannan a cikin ɗaki aka ɗauke shi. Da ya ƙare, mai lissafi ya tambaye ni tsawonsa, na ce kamar minti 13. Ya tashi ya ɗauki alli ya hau allo, ya ce ko da goma sha biyu ne a sakan, hoto 9360 ke nan. Ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya juyo ya ce, "Mushe, shi ma akwai wanda ya taɓa ture masa tebur?"

Sun riga sun yanke cewa fim na gaba kokowa ce tsakanin bushiya da kunkuru. Gardamar da ake yanzu ita ce yadda za a sa ƙayar bushiya ta tsaya a jikin laka, wasu na cewa ƙayar aduwa, wasu na cewa tsinken tsintsiya.