Ciwon suga da ciwon mantuwa: abin da ya haɗa su

Mahaifina ya fi shekara 30 yana lodin shanu daga Kasuwar Shanu ta Maiduguri zuwa Oko-Oba a Agege. Bai taɓa riƙe littafi ba. Kuɗin tirela, la'adar dillali, bashin mahauta, duk a kansa suke. Da ya koma gida Zabarmari ya zauna, yana da shekara 12 da ciwon suga, lissafin nan ne ya fara kuɓuce masa. Mu muka ce gigin tsufa ne, wasu a gida suka ce sammu. Sai da aka kai shi asibiti a Maiduguri likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma sugan yana da hannu a ciki.

Ciwon mantuwa ba wai ka manta inda ka ajiye makulli ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa a hankali, har mutum ya riƙa maimaita tambaya ɗaya, ya rikice a raka'o'in sallah, ya ɓata a unguwar da aka haife shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in da ake kira Alzaima ne. Mai bi masa shi ne na toshewar jijiyoyin jini, wanda ya fi kusa da maganarmu.

Ƙwaƙwalwa da jini take rayuwa, ta wasu jijiyoyi sirara. Suga in ya daɗe yana hawa, yadda yake cin jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa, haka yake cin na kai. Wasu su toshe ba tare da mutum ya ji komai ba, sai dai a ga tunaninsa na raguwa. In hawan jini ya haɗu da shi, abin ya fi sauri.

Wani bincike a birnin Rotadam na ƙasar Holan, da ya fito a 1999, ya nuna haɗarin mantuwa ga tsofaffi masu suga ya kusa ninka na marasa shi. Wani na Ingila a 2021 ya nuna wanda suga ya kama da wuri ya fi shiga haɗari. Mutanen Sabo kuwa, a garinku aka yi wani: tun 1992 likitocin Ibadan da na Amurka suka riƙa bibiyar tsofaffin unguwar Idikan suna kwatanta su da baƙaƙen fata na Indiyanafolis. Masu kamuwa a Ibadan ba su kai rabin na can ba, kuma an lura suga da hawan jini sun fi ƙaranci a cikinsu. Amma fa haɗari aka ce. Ba kowane mai suga ne zai kamu ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda cutukan biyu ke taimakon juna. Mai mantuwa zai manta ya sha magani, ko ya sha sau biyu, ko ya sha bai ci abinci ba. Sai suga ya faɗi ƙasa da 70 a na'urar gwaji, musamman ga masu allurar insulin ko ƙwaya irin Daonil. Faɗuwar nan in ta yi tsanani ita ma tana taɓa ƙwaƙwalwa.

Don haka a bambanta. Ruɗewar da ta zo cikin mintuna, da gumi da karkarwa, ba mantuwa ba ce, a zargi faɗuwar suga. In yana iya haɗiya, a ba shi cokali 3 na suga a ruwa ko rabin kwalbar lemo, a sake gwaji bayan minti 15. In ya suma, kada a ɗura masa komai, asibiti kawai. Mantuwa ita watanni take ɗauka tana shigowa. Ita ma a nemi likita, domin wani lokaci ƙarancin sinadarin B12 ne, wanda daɗewa kan metfomin ke iya kawowa, kuma wannan yana da magani. Maganar azumi ma a tambayi likita kafin wata ya kama.

A Maiduguri akwai Asibitin Koyarwa na Jami'a da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya. A Kudu akwai na Yaba a Legas, Aro a Abekuta, da cibiyar kula da tsofaffi ta UCH Ibadan. Na san mutanenmu na jin kunyar zuwa irin su Yaba, wai kada a ce mahaukaci suka kai. Wallahi wannan kunyar ba ta da amfani.

Mu da ke nan Kurmi, gani muke in mun tura kuɗin magani shi ke nan. Ni ma haka na yi shekara 2, ban taɓa tambayar wa ke ba shi ba. Yanzu maganin Baba yana hannun ƙanwata, a kulle. Ita ke ba shi daidai lokacin da likita ya faɗa, ta gwada sugan da safe, ta rubuta a littafi. Duk Juma'a takan ɗauki hoton shafin ta turo min ta WhatsApp.