GANYEN TABA: DAGA FADAMOMIN ƘASAR KAZAURE ZUWA BIRNIN HABANA

 Da kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta wani abu na tarihi, sai na zaɓi in yi magana a kan ganyen taba. Na san wasu za su yi mamaki, domin a zamaninmu duk ɗalibin da aka kama da karan sigari ya san abin da zai gamu da shi a wurin taron safe. To, kada hankalin kowa ya tashi, ba talla na zo yi ba. Ni ɗan manomi ne daga ƙasar 'Yankwashi, kuma abin da ya dame ni shi ne wata sana'a ta kakanninmu da take neman ɓacewa ba tare da an rubuta komai a kanta ba.

Da farko dai, taba baƙuwa ce a ƙasar Hausa, asalinta daga nahiyar Amurka ne. A shekarar 1492, lokacin da Kolumbus ya sauka a tsibirin Kuba, mutanensa biyu sun tarar da 'yan ƙasar suna naɗe busasshen ganye, su cinna wa bakinsa wuta, su riƙa zuƙar hayaƙin. Daga nan ganyen ya tsallaka Turai. Wajen 1560 Jean Nicot, jakadan Faransa a Fotugal, ya aika da shi gida, kuma daga sunansa aka samo kalmar nikotin. Ba a jima ba taba ta iso Afirka ta Yamma, har ta zama abin muhawara tsakanin malamai. A 1607 Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, yana ƙasar Maroko, ya yi rubutu a kan hukuncinta inda ya karkata ga halasci, wasu malaman kuwa suka haramta ta.

Duk da wannan saɓani, taba ta samu gindin zama a wurinmu. Baturen nan Clapperton, wanda ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa ya ga maza suna tauna garin taba haɗe da kanwa, ya kuma ga ana rina haƙora da furenta. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina ta kuma fitar da littafinta a 1972, ta nuna cewa taba tana cikin amfanin da manoma ke samun kuɗi da shi, har wasu kan yi fataucinta zuwa Nijar.

Mu ma a fadamomin ƙasar Kazaure mun tashi mun ga ragowar wannan aiki. Akan yafa irin a ɗan fili mai taki, domin ƙwayarsa ta fi ta gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sa'an nan a yi dashe. Idan ta fara fure sai a tsinke kan, don ƙarfin shukar ya koma ga ganye, furen kuma mata su saya su goge haƙora da shi tare da goro. Bayan an yanke ganyen sai a shanya shi, a tara shi wuri guda a lulluɓe har ya ɗauki zafi, launinsa ya juya, ɗacinsa ya ragu. Daga nan wani a daka shi da kanwa, wani a murje shi domin lofe. Na sha ganin dattijo ya ɗauki ganye a kasuwa, ya shinshina, ya murza da yatsa, ya faɗi fadamar da ya fito.

Abin da ya sa na ambaci Habana, babban birnin Kuba, shi ne tabar da ta fi kowace suna da tsada a duniya can ake naɗa ta da hannu, kuma idan mutum ya duba matakan aikin sai ya ga bai yi nisa da na kakanninmu ba. Mafi kyawun ganyen yana fitowa ne daga yankin Vuelta Abajo a lardin Pinar del Rio. Ba a yanke shukar gaba ɗaya, ana tsinkar ganyen ne daga ƙasa zuwa sama a hankali. Na sama, wanda ya fi shan rana, shi ke ba da ƙarfi. Na tsakiya shi ke ba da ƙamshi. Na ƙasa kuwa shi ke sa wuta ta ci daidai. Ganyen da za a yi wa taba riga da shi a ƙarƙashin rumfar yadi ake nomansa, don ya yi laushi da santsi. Ana rataye ganyen a rumbun katako kusan kwana 50, a tara shi ya ɗauki zafi, sa'an nan a adana shi, wani har shekara biyu ko fiye.

Mai naɗi kuwa kayan aikinsa ba su da yawa: allon katako, da wata wuƙa mai faɗi, da ɗan ƙaro marar ɗanɗano. Zai haɗa ganyen ciki bisa ma'auni, ya ɗaure da ganye na biyu, ya matse a cikin katako, sa'an nan ya naɗa rigar. Idan ya matse da yawa hayaƙi ba zai bi ba, idan ya sassauta wuta za ta cinye ta da sauri. Gwani kan naɗa 60 zuwa 150 a wuni. Masu ɗanɗana ta suna kwatanta ƙamshinta da na katako, da gahawa, da barkono, da jimammiyar fata. Tun 1865 aka fara ɗaukar mai karatu yana karanta wa ma'aikata jarida da littattafai suna aiki, kuma tabar Montecristo da aka fito da ita a 1935 daga littafin Alexandre Dumas ta samo sunanta. Wani abin lura kuma, ganyen riga da ake nomawa a maƙwabciyarmu Kamaru yana cikin waɗanda masu naɗin taba a wasu ƙasashe suke yabawa ƙwarai.

To, me ya sa tasu ta ɗore, tamu ta dusashe? Su sun tsare sunan ƙasarsu a kan ganyen, ba wanda doka ta yarda ya kira tabarsa ta Habana sai wadda aka noma aka kuma naɗa a Kuba. Mu kuwa inji ne ya ci kasuwar. Kamfanin taba na Turawa ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1937, aka kafa Nigerian Tobacco Company a 1951, sa'an nan aka buɗe ta Zariya a 1959. Manomi ya koma mai sayar da ɗanyen ganye bisa farashin da aka yanka masa, saurayi kuma ya ga lofe abin tsofaffi ne, karan sigari shi ne wayewa.

Ba ina kukan a dawo da noman taba ba ne. Tun 1950 binciken Doll da Hill a Ingila ya nuna alaƙarta da sankarar huhu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara. Mai tsada da mai araha duk illarsu ɗaya. Nijeriya ta yi dokar taƙaita shan ta a 1990, ta kuma yi wata a 2015 wadda ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba.

Darasin yana ga riɗi da zoɓon da Jihar Jigawa take fitarwa. Buhu-buhu suke barin kasuwanninmu irin su Maigatari, zoɓon har ƙasar Meziko, amma ba sunan garinmu a jikinsu, ribar sarrafawa kuma ta wasu ce. A cikinmu akwai malaman gona, da 'yan kasuwa, da lauyoyi da za su iya duba wannan. Haka kuma ina roƙon malaman tarihi na makarantarmu su tura ɗalibai Karkarna, da Roni, da Gwiwa, da Babura, su zauna da dattawan da suka rage, su rubuta yadda ake sarrafa ganye, da jima, da rini, tun kafin ƙasa ta rufe idonsu. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara haɗa kanmu. Wassalam.