Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Matsayin Ma'aikatan Lafiya Masu Bin Gida-gida a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba aikin ma'aikatan lafiya da ke zaune cikin jama'a suna bin su gida-gida a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Ta kafa hujja da tarihin yaƙi da shan-inna da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, domin nuna cewa babban jarin waɗannan ma'aikata shi ne yardar da jama'a suka yi da su, kuma hukumomi sun daɗe suna cin moriyar wannan yarda ba tare da biyan haƙƙinta ba.

Gabatarwa

A watan Satumba na 1978 wakilan ƙasashe 134 suka hallara a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne hanyar kai lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. A Nijeriya, wanda ya fi kowa riƙe wannan aƙida shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. Shi ya dage a kan cewa ƙananan hukumomi su ɗauki nauyin wannan mataki, kuma a 1992 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da shi.

Shekaru arba'in bayan taron Alma-Ata, binciken ƙasa kan lafiyar iyali na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara biyar. A shiyyar arewa maso yamma adadin ya kai 187, kuma haihuwa 16 kacal cikin 100 ake yi a asibiti. Ma'anar wannan a fili take: mafi yawan shawarar da ke raba rayuwa da mutuwa a ƙasar Hausa a cikin ɗaki ake yanke ta, tsakanin mai jego da uwar miji da ungozoma, ko a zaure wurin maigida. Likita ba ya wurin. Duk tsarin lafiyar da ba shi da wakili a wannan ɗaki, ya makara kafin ya fara.

Su Wane Ne Waɗannan Ma'aikata?

Sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda suka yi karatun shekara biyu ko uku a makarantun koyon aikin lafiya, suka sami rajista, ake biyansu albashi. Akwai kuma 'yan sa-kai: matan unguwa masu wayar da kai, masu raba magani da gidan sauro, ungozomomin gargajiya da aka ba horo, da masu shela. Tun asali an tsara cewa rukunin farko su riƙa ƙarar da kaso mai yawa na lokacinsu cikin gari, suna ziyartar gidaje. Ƙarancin likitoci da malaman jinya ya sa hakan bai yiwu ba. A yawancin asibitocin sha-ka-tafi na karkara, ma'aikacin da aka horar domin bin gidaje shi ne likita, shi ne mai ba da magani, shi ne mai rubuta kati. Manufar raba ayyuka da gwamnatin tarayya ta fitar a 2014 ta ƙara musu wasu ayyukan da a da sai ungozomar asibiti ke yi. Matakin ya ceci rayuka, amma ya ƙara ɗaure su a kujera. Ta haka aikin shiga gida ya koma kan 'yan sa-kai, waɗanda su ne mafi ƙarancin horo da lada.

Darasin Shan-inna

Babu abin da ya bayyana darajar ɗan gari kamar tarihin rigakafin shan-inna. A 2003 wasu jihohin arewa, ciki har da Kano da Zamfara da Kaduna, suka dakatar da rigakafin bisa zargin cewa an gurɓata maganin da abin hana haihuwa. Kano ba ta dawo ba sai a watan Yulin 2004, bayan an kawo magani daga Indonesiya. A 2006 yaran da cutar ta shanye wa ƙafa a Nijeriya sun haura 1,100, kuma ƙwayar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20.

Masu kallo daga nesa sun kira abin jahilci. Wannan hukunci bai yi adalci ba. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, lamarin da ya kai ga shari'ar da ba ta ƙare ba sai da aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Ban da wannan, tambayar da magidanta ke yi a ƙofar gida tambaya ce ta mai hankali: me ya sa ake biyo mu har gida da maganin shan-inna kyauta, alhali zazzaɓi da ƙyanda ke kashe mana yara, in mun je asibiti kuma a ce mu sayo magani? Sanarwar rediyo ba ta iya amsa wannan. Baƙon da aka sauke daga mota da akwatin ƙanƙara shi ma ba ya iyawa.

Al'amarin ya fara juyawa ne da aka koma ga mutanen gari. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aikin ya gangaro ta hannun hakimai da dagatai har zuwa masu unguwanni. Daga 2012 asusun UNICEF ya ɗauki dubban mata 'yan sa-kai, kowace a unguwarta, waɗanda aka san su da shuɗin hijabi. Su ke riƙe lissafin masu ciki da jarirai, su ke halartar suna domin a ɗiga wa jariri magani, su ke komawa gidan da aka ƙi har sai an fahimci juna. Waɗanda cutar ta naƙasa su ma suka shiga gari a kan kekunansu suna yi wa iyaye magana. Daga baya aka haɗa rigakafin da sansanonin duba marasa lafiya, inda ake ba da maganin zazzaɓi da na gudawa, wato an amsa tambayar magidanta a aikace. Yara 122 cutar ta kama a 2012. A 2014 sun koma shida. An ga na ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Afirka.

Wannan nasara ta ci rayuka. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe mata tara masu aikin rigakafi a wasu cibiyoyin lafiya biyu a birnin Kano. Maganin da aka ƙi a 2003 shi ne dai aka karɓa a 2014. Abin da ya sauya shi ne hannun da ya miƙo shi.

Wayar da Kai a Aikace

Sau da yawa ana ɗaukar wayar da kai a matsayin karanta wa jama'a saƙo. Aikin ya wuce haka. A ɗauki rigakafin zazzaɓin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012 ga yankin Sahel. Ana ba yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar magani sau ɗaya a wata, a watannin da sauro ya fi yawa. Mai rabon za ta yi sallama ta shiga har tsakar gida, inda namiji baƙo ba ya shiga. Za ta tambaya ko yaron na da zazzaɓi, domin mai zazzaɓi asibiti za a kai shi. Za ta narka ƙwayar a ɗan ruwa, ta ba shi a gabanta, ta jira ta ga bai amayar ba. Sauran ƙwayoyi biyu na gobe da jibi kuwa a hannun uwa za ta bar su. Ko uwar za ta ba shi, ko za ta ajiye har sai ya kwanta ciwo, ko za ta raba da ɗan kishiya, duk ya rataya ne a kan abin da ya gudana a 'yan mintocin nan, da kuma ko mai rabon za ta leƙo washegari.

Misali na biyu daga Mirriya ne a jihar Damagaram, inda ƙungiyar likitoci ta ALIMA ta koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da wani ɗan zare mai launi uku. Kore lafiya, rawaya a kula, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. An gano cewa matan da ba su taɓa shiga aji ba suna aunawa daidai, kuma ana kawo yara asibiti da wuri. Ilimin da ya kamata ma'aikacin lafiya ya bari a gida ke nan: wanda uwa za ta yi aiki da shi bayan an tafi.

Haka kuma aikin yana da fuska ta biyu da ake mantawa da ita. Mai shiga gida ita ke fara jin cewa yara uku sun yi amai da gudawa a layi ɗaya, ko an daina zuwa awon ciki saboda wulaƙancin da aka gani. Ita ce ta san gidan da ake zubar da dakashi, da gidan da kunyar ɗan fari ke hana yarinya faɗin naƙuda ta fara. In aka saurare ta, hukuma ta sami kunne a kowace unguwa. In kuwa takardar cikewa kawai ake karɓa daga hannunta, an yi asarar rabin amfaninta.

Abin da Wasu Ƙasashe Suka Gwada

Daga 2001, a zamanin Shugaba Tandja Mamadou, Nijar ta gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a ƙauyuka, ta sa ma'aikata masu albashi, sannan a 2006 ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma ya lissafa waɗannan matakai cikin dalilan. Habasha ma ta horar da mata sama da 30,000 na tsawon shekara guda, ta tura bibbiyu kowace gunduma, ta sa su a jerin ma'aikatan gwamnati. Dukkan ƙasashen biyu ba su kai Nijeriya arziki ba.

Suka da Amsa

Akwai masu cewa wannan tsari dabara ce ta ba talaka lafiya mai araha, a bar likita ga mai hali. Sukar tana da tushe. Ma'aikaciyar da ta gane alamar jijjiga ko zubar jini, ta tura mace asibiti, aka tarar babu jini, babu wuta, babu ma'aikaci, ta zubar da mutuncinta a unguwa, kuma ba za a sake jin maganarta ba. Don haka mai bin gida ba ya maye gurbin asibiti. Kowannensu da ɗan'uwansa yake tsayuwa.

Wasu kuma na cewa biyan albashi zai kashe niyyar aikin lada. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 sun ce a biya waɗannan ma'aikata daidai da aikinsu, a ba su takardar yarjejeniya. Addininmu ma ya yi umarni da biyan ɗan ƙwadago haƙƙinsa ba da jinkiri ba. Matar da ta bar sana'arta ta yini a rana, sannan ta yi watanni tana jiran ɗan alawus, an zalunce ta, ko da wane suna aka kira aikin.

Kammalawa

Nijeriya ba ta rasa doka ko tsari ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya matakin farko, kuma a 2018 aka ƙaddamar da shirin CHIPS a Lafiya ta jihar Nasarawa domin haɗa 'yan sa-kai a inuwa ɗaya. Abin da ya rage aikin jihohi da ƙananan hukumomi ne: su sa waɗannan mata a kasafin kuɗi na dindindin maimakon jiran masu ba da agaji, unguwa ta zaɓi tata da kanta ba ɗan siyasa ya kawo suna ba, a riƙa sabunta musu horo da bin sawun aikinsu, a buɗe wa masu ƙwazo hanyar shiga makarantun aikin lafiya, a kuma tabbatar akwai magani a inda suke tura mutane. Muna kira ga gwamnoni da 'yan majalisun jihohi da sarakunanmu da su ɗauki wannan a matsayin bashi. Matan da suka raba mu da shan-inna suna nan a unguwanninsu, sun san kowane gida, kuma gudawa da zazzaɓi da mutuwar haihuwa ba su jira ba. A ɗauke su aiki, a biya su.