Shekarun Fari a Ƙasarmu da Abin da Suka Bar Mana na Wa'azi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda yake saukar da ruwa a lokacin da Ya so, Ya riƙe shi a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan uwa Musulmi, malaman lugga sun ce sunan wannan wata na Ramadan ya samo asali daga kalmar Larabci mai nufin ƙunar rairayi idan rana ta gasa shi. Mu mutanen Sabon Maci da Kornaka da Dakoro ba mu buƙatar a fassara mana wannan, gama duk wanda ya taka yashin Gulbin Kaba da tsakar rana a bazara ya san ma'anarta da tafin ƙafarsa. Nufina a wannan majalisi shi ne in tunatar da mu shekarun fari da suka shuɗe, domin samarinmu da yawa sunayensu kawai suke ji.

Mafi tsufar wadda na ji labarinta daga bakin wanda ya gani ita ce Kakalaba. Damanar 1913 ta ƙi, yunwa ta game ƙasar Hausa a 1914, tun daga Gobir da Katsina har Damagaram da Kano. Kakata, Allah Ya jiƙanta, tana yarinya a lokacin. Ta ce mata sukan tone gidan tururuwa su kwashe ƙwayar da ta tara, a sussuke ƙarangiya a daka, a jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita. Babu mota, babu hanya, kuma Nasara bai yafe haraji ba. Wanda ya tsira a wannan shekara, in ji ta, shi ne wanda gidansu ke da rumbun shekarun baya da ba a taɓa ba, ko wanda maƙwabcinsa ke da shi kuma yana tsoron Allah.

Sai farin 1973, wanda ni kaina na gani ina almajiri. Ruwa ya yi ta raguwa shekaru a jere kafin ta. Fulani da Buzaye suka gangaro daga arewacin Tarka, waɗansu da saniya biyu ko uku, waɗansu da sanda kawai. Na ga mutumin da ya saba kyautar nono ƙwarya ƙwarya yana tsaye a ƙofar zaure, kunya ta hana shi buɗe baki. Tsananin ya kai har fadar mulki, domin a ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji a ƙarƙashin Seyni Kunce suka kawar da gwamnatin Diori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da taimakon abinci yana cikin dalilan da suka ambata.

Shekara goma bayan haka damanar 1984 ta ƙi. A wannan karon an rufe iyakar Najeriya, inda mutanenmu suka saba zuwa cin rani da sayen hatsi, shi ya sa aka laƙaba wa yunwar suna El Buhari. Azumin 1405 na Hijira ya faɗo a ƙarshen Mayu da Yunin 1985, lokacin da rumbuna suka ƙare sarai kuma zafi ya kai matuƙa. Na sha ruwa a wannan wata da dafaffen ganyen jiga, na yi sahur da ruwan da aka kaɗa ɗan gari a ciki. Duk da haka sahu bai ragu a masallaci ba, kuma na ga tsohuwa tana raba dunƙulen fura ɗaya gida uku.

Ta 2005 kuwa ta bambanta da sauran. Fara ta sauka a 2004, ruwa ya ɗauke da wuri, amma kasuwannin Maraɗi ba su rasa hatsi ba. Buhuna suna jibge, kuɗin tiya ne ya fi ƙarfin talaka, uwaye suna ɗauke da ƙananan yara zuwa wuraren jinya a Maraɗi da Dakoro. A nan ne mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Ɗauke ruwa hukuncin Allah ne, babu mai tambayar Sa. Amma ɓoye abinci har ya yi tsada, da ba da bashin buhu ɗaya a karɓi biyu da kaka, aikin hannun ɗan Adam ne, kuma za a tambaye shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya siffanta mai ɓoye abinci da mai saɓo, ribar bashi kuwa haramcinta ba ya ɓuya ga kowa.

Irin wannan jarrabawa ta sami waɗanda suka fi mu daraja. A shekara ta 18 bayan Hijira, zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, fari ya auka wa Hijaz har ƙasa ta koma kalar toka, aka kira ta Shekarar Toka. Larabawan ƙauye suka kwararo Madina. Umar ya sa aka kafa tukwane ana ciyar da su, ya rubuta wa gwamnoninsa, Abu Ubaida ya zo da raƙuma ɗauke da abinci daga Sham, Amru ɗan Asi ya aiko daga nasa ɓangaren. Ya jinkirta karɓar zakka a shekarar. Ya haramta wa kansa nama da man shanu har launin jikinsa ya sauya. Bayan wannan duka ya fita da jama'a roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas baffan Annabi ya yi addu'a, Allah Ya shayar da su. Ku duba yadda ya haɗa ciyarwa da roƙo. Mu kuwa sau da yawa mukan fita filin idi mu yi raka'a biyu mu juya riguna, alhali zakkar hatsin bara tana nan cikin rumbu ba a fitar ba.

Haka nan Suratu Yusuf ta koya mana ajiya. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya umurci mutanen Masar su bar abin da suka girbe a cikin zangarniyarsa, ban da kaɗan da za su ci. Wannan ita ce dabarar kakanninmu da suke jera damman gero a rumbu ba tare da sussuka ba, ya shekara biyu ko uku bai lalace ba. Yau manomi yakan sussuke rabin gonarsa da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, ya kashe kuɗin a biki, sannan ya sayi hatsin nan nasa da tsada idan damana ta tsaya. Ina roƙon kowane magidanci ya ware damman da ba za a taɓa ba sai an ga sabon gero ya fid da kai.

Akwai kuma alherin da fari ya koya mana. A 1984 aka yi babban taro a Maraɗi a kan hamada da ke cin ƙasa, kuma tun daga shekarun nan manoman jiharmu suka rungumi abin da ake kira sassaben zamani: idan kututture ya tsiro a gona, a bar masa reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a sare sauran. Gonakin da na sani fayau, iska na binne shuka sau biyu sau uku, yau suna da gawo da kalgo da sabara. Gawo yana zubar da ganye da damana, ba ya tsare wa gero rana, da rani kuma ya ba da inuwa, bisashe su ci 'ya'yansa. Hadisi ingantacce ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga itacen da Musulmi ya dasa, sadaka ce gare shi. Wanda ya bi dare ya sare itacen gonar wani, ya sani ya ci haƙƙi.

Game da azumi a cikin zafi, malamanmu na Malikiyya sun yi bayani. Mai aikin ƙarfi, kamar mai haƙar rijiya ko makiyayi mai jan wasaki, wajibi ne ya kwana da niyya. Idan wahala ta tsananta masa da rana ya sha ya rama, idan kuma ya ji tsoron halaka to shan ya zama wajibi. Mai ciki da mai shayarwa da tsoho da marar lafiya suna da rangwamensu, kada kunyar mutane ta sa su cutar da kansu. An kuma yi umurni da a jinkirta Azahar idan zafi ya tsananta har a sami inuwa. Mai amalanke da ke kawo ruwa daga nesa ya tuna da gwauruwa da marayu a unguwarsa, ya tuna Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Kada kuma a hana baƙon makiyayi shayar da dabbarsa.

Allah Ya karɓi azuminmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a waɗancan shekaru, Ya ba mu damana mai albarka, Ya tsare mu daga fari da fara da rowa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.