Daga Tramal zuwa tiramol: taƙaitaccen tarihin wata ƙwaya

A wannan ɗan nazari muna so mu bi sawun wani magani tare da sunansa. A shekarar 1962 kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa sinadarin tramadol, a 1977 kuma ya fito da shi kasuwa da sunan Tramal, don kashe ciwo matsakaici zuwa mai tsanani. An daɗe ana ɗaukar sa a matsayin ɗan'uwan morfin wanda bai cika kama mutum ba. Wannan zato ne ya sa bai shiga jerin magungunan da yarjejeniyoyin duniya suka tsare ba. Misira ta tsananta dokarta a 2012, Amurka ta sa shi ƙarƙashin kulawa a 2014, Indiya sai a 2018.

Ta wannan giɓi ya iso mana. Daga Indiya ake sauke shi a tashoshin ruwa irin su Kwatano da Lome, ya hauro Maraɗi da Damagaram, wani kaso ya zarce Agadas zuwa Libiya. Abin da lokotoro ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, ba a wuce 400 a yini. Na tebur kuwa ana samun mai 120, mai 200, har mai 225 a ƙwaya guda.

Harshe ya karɓi baƙon kafin hukuma ta farga. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa aka cusa wasali, Tramol ya zama tiramol. Ita ma kalmar ƙwaya, wadda asalinta ta hatsi ce, ta koma ta magani, daga nan ta haifi "ɗan ƙwaya", wanda zagi ne. A ganinmu wannan suna yana ɓoye gaskiya, domin mai kabu-kabu ko manomi ko leburan da ya fara sha, aiki yake nema ya jure.

Maganin yana aiki ta hanya biyu: hanta tana juya shi zuwa sinadari mai kama da morfin, sannan yana taɓa serotonin a ƙwaƙwalwa. Daga nan ne jiri da amai da taurin ciki ke fitowa, da kuma faɗuwa irin ta farfaɗiya idan an zarce ƙima. Allurar naloksan tana maido da numfashi, amma ba ta hana wannan faɗuwa. Wanda jikinsa ya saba, in ya daina farat ɗaya, gumi da ciwon gaɓoɓi da fargaba za su kama shi. Don haka ake rage masa sannu a hankali a hannun lokotoro.

A 2013 wasu masana sun ce sun gano tramadol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru. A 2014 wani bincike ya danganta shi da fitsari da kashin shanun noma da ake ɗura wa maganin don su jure huɗa.

Bayan dokar Indiya ta 2018, wata ƙwaya mai haɗin tapentadol da carisoprodol ta cike gurbin a kasuwannin Afirka ta Yamma, har Indiya ta hana yin ta a 2025.