Gwajin magungunan alaji ba tare da gurɓata muhalli ba

Gwajin magungunan alaji ba tare da gurɓata muhalli ba wani reshe ne na ilimin sinadarai. Yana auna inganci da ƙarfin magungunan borin jini, ƙaiƙayi da atishawa, tare da rage sinadarai masu guba da dattin ɗakin gwaje-gwaje. Magungunan da abin ya shafa sun haɗa da kulofeniramin, wanda aka fi sani da Piriton, da setirizin da loratadin. Dukansu suna hana sinadarin histamin aiki a jiki.

Tarihi

A shekarar 1998 Paul Anastas da John Warner na Amurka suka fitar da ƙa'idoji 12 na sarrafa sinadarai ba tare da cutar da muhalli ba. A 2013 masana a ƙasar Polan, ciki har da Jacek Namieśnik, suka tsara wasu ƙa'idoji 12 na musamman domin aikin gwaji. Ƙarancin asetonaitiral da aka yi a duniya a 2008 da 2009 ya ƙara sa masana neman madadinsa.

Matsalar

Na'urar HPLC, wadda ke rarrabe sinadaran cikin ƙwaya, takan ja kusan mililita 1 na ruwan narkarwa a minti ɗaya, wato kusan rabin lita a awa 8. Ruwan yakan ƙunshi asetonaitiral, wanda jiki ke mayarwa gubar sayanaid, ko metanol mai makantarwa.

Hanyoyi

Ana maye gurbin waɗannan da etanol ko ruwa, sannan a yi amfani da gajeren bututu domin gwajin ya ƙare da wuri. Wata hanyar ita ce auna yadda maganin ke shan hasken UV. Setirizin da kulofeniramin suna narkewa a ruwa, don haka hanyar ta dace da su. Loratadin kuwa ba ya narkewa a ruwa, sai an haɗa da etanol ko ruwan asid marar ƙarfi. Ma'aunin AGREE na 2020 yana ba kowace hanya maki daga 0 zuwa 1 gwargwadon sauƙinta ga muhalli. Sai dai ba a karɓar hanya sai sakamakonta ya zama daidai.

A Najeriya

Lokacin hunturu ƙura kan ƙara atishawa da mura a Arewa, kuma a garuruwa irin su Gummi, Anka da Bukkuyum mutane kan sayi waɗannan ƙwayoyi a kemis. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin gano jabu, kuma tana da ɗakin gwaji a Kaduna. Ta kuma yi amfani da na'urar hannu ta TruScan, wadda ke tantance ƙwaya da hasken leza ba tare da narkar da ita ba.