Katin zaɓe

katin zaɓe (suna, namiji; jam'i: katunan zaɓe). Katin roba mai ɗauke da hoto da suna da rumfar zaɓe, wanda hukumar INEC ke bai wa ɗan Najeriya da ya cika shekara 18 ya kuma yi rajista. An yi amfani da na dindindin a babban zaɓen 2015, zamanin da Farfesa Attahiru Jega ke shugabantar INEC. A 2023 na'urar BVAS ce ta riƙa tantance mai katin ta yatsa ko fuska.

A Jos, rikicin 2001 da na 2008 sun sa iyalai da dama sauya unguwa, shi ya sa sauƙaƙa sauya rumfar zaɓe ke da matuƙar muhimmanci a garin.

Misali: "Baba, tunda mun dawo unguwar Gangare, ku je ofishin INEC a sauya muku rumfa tun kafin a rufe rajista."